Yadda ake raba hoton renda da ɗige-ɗige da tabo, tun daga tushe

Ka gina fage, ka jera fitilu, ka saita kyamara, ka danna maɓallin renda, wato umarnin da ke sa kwamfuta ta fitar da hoto daga fagen 3D da ka gina. Hoto ya fito, amma kusurwar rufi ta cika da ɗige-ɗige kamar an watsa mata yashi, ga wasu fararen ɗigo warwatse a kan daɓe suna ƙyalli kamar tartsatsi, bakin tebur kuma ya yi haƙoran zarto. Inda hannu ke fara zuwa shi ne akwatin samfur, inda ake saita yawan gwajin haske da kwamfuta za ta yi: a ninka lamba, a tafi a dawo. Wani lokaci hakan yana yi. Sau da yawa kuwa awanni ne kawai suke tafiya, ka dawo ka tarar da tartsatsin yana nan daram.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, waɗannan abubuwa uku cututtuka ne daban-daban, kuma kowace da maganinta. Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Zan riƙa ba da misali da Cycles, injin renda na manhajar Blender, domin kowa na iya sauke shi kyauta, zan kuma bar sunayen maɓallai kamar yadda suke a rubuce a allo don kada ka sha wuyar nema. Mai aiki da Arnold ko V-Ray ko RenderMan zai tarar da kwatankwacinsu a manhajarsa.

Inda ɗige-ɗigen ke fitowa

Injinan renda na wannan zamani bin sawun haske suke yi, hanyar da James Kajiya ya shimfiɗa lissafinta a 1986. A kan kowane fiksel, wato ƙaramin ɗigon da ake gina hoto da irinsa, kyamara tana harba kibiya zuwa cikin fage. Kibiyar ta bugi bango, ta yi tsalle zuwa wata nahiya da aka zaɓa bisa ƙuri'a, ta sake bugun wani abu, har ta iske haske ko ta mutu a hanya. Tafiya ɗaya ita ce samfur ɗaya. Launin fiksel shi ne matsakaicin abin da duk kibiyoyinsa suka kawo. To fiksel biyu maƙwabta ba sa yin sa'a iri ɗaya: kibiyoyin wannan sun yi ta dacewa da taga, na wancan sun yi ta faɗawa lungu. Bambancin sa'ar nan shi ne ɗige-ɗigen da ido ke gani.

Ga dokar da ke cinye wa mutane lokaci: kafin ɗige-ɗige ya ragu da rabi, sai ka ninka samfur sau huɗu. A ce samfur 256 yana ɗaukar minti 10. Rage rabi yana neman 1024, minti 40 ke nan. Ƙara rage rabi yana neman 4096, awa 2 da minti 40. In hoto mai motsi ne na daƙiƙa 10 a kan firem 24 a daƙiƙa, firem 240 kake da su, kuma a minti 40 kowanne ka ba da awa 160, kusan mako guda kwamfuta ba ta huta ba. Saboda haka ƙarin samfur shi ne makami mafi tsada a hannunka. Duk abin da ke tafe ƙoƙari ne na sa kowace kibiya ta yi amfani, kafin a kai ga ƙara yawansu.

Mataki na farko: gano cutar

Kashe dinoiza tukuna, wato mai goge ɗige-ɗige. Muddin yana kunne yana ɓoye maka alamun da kake bukatar gani. Daga nan ka zagaye ɗan yankin da ya fi muni da Ctrl+B, domin gwaji ya riƙa ƙarewa cikin daƙiƙu. Ka duba sakamakon a girmansa na ainihi, kashi 100, domin ƙaramin hoto yana rufe aibu.

Yanzu yi renda biyu na wannan yanki, ɗaya da samfur 64, ɗaya da 256, ka ajiye su a gurbi biyu, ka riƙa sauyawa tsakaninsu da maɓallin J. Abin da ya yi laushi a na biyu, ɗige-ɗige ne na gaskiya, samfur da dinoiza za su iya da shi. Fararen ɗigon da ba su ragu ba, har ma sababbi suka fito, tartsatsi ne, kuma tushensu yana cikin fitilu da fatun abubuwa, wato launi da sheƙin da aka lulluɓe su da shi. Abin da bai ko motsa ba, kamar baƙin faci a bango, ko inuwa mai matakala a jikin ƙwallo, ko zobe-zobe a sararin sama, wannan tabo ne, ko samfur miliyan ka ba shi ba zai gusa ba.

Sai ka raba hasken kashi-kashi. A shafin View Layer kunna Diffuse Direct, Diffuse Indirect, Glossy Direct, Glossy Indirect, Transmission da Volume, ka leƙa kowanne shi kaɗai (Diffuse na fuska marar sheƙi ne, Glossy na mai sheƙi, Transmission na hasken da ke ratsa gilashi, Volume na hayaƙi; Direct shi ne mai zuwa kai tsaye daga fitila, Indirect mai zuwa bayan tsalle). Kusan kullum za ka ga ɗaya ne ko biyu ke ɗauke da dattin, sauran fes suke. In a Diffuse Indirect yake, haske ne ke shan wuyar shiga wurin. In a Glossy Indirect yake, nemi ƙarfe ko madubi da ke kusa da fitila mai ƙarfi. In har yanzu ba ka gano ba, lulluɓe komai da fata guda mai ruwan toka ta Material Override. Hoto ya tsabtace, laifin fata ne. Bai tsabtace ba, koma kan fitilu, ka riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na biyu: jikin abubuwan da ka gina

Yawancin tabon da ba ya motsi daga nan yake, kuma gyaransa ba ya cin ko daƙiƙa ɗaya na lokacin renda.

Fara da fuskoki biyu da suka kwanta a wuri guda, misali kilishi da aka shimfiɗa daidai tsayin daɓe, ko bango da aka kwafa aka manta. Injin ba ya sanin wanne ne a gaba, sai ya ba ka baƙin faci ko zane-zane masu rawa. Ɗaga ɗaya da milimita ɗaya ko biyu, kuma ka haɗe ɗigogin da suka ninku da Merge by Distance. Sai ka kunna Face Orientation ka ga fuskokin da suka juya baya. Zaɓi komai ka danna Shift+N su daidaita. Gilashi da ruwa su ne suka fi jin jiki a nan, domin da alƙiblar fuska injin ke gane kibiya shiga take yi ko fita.

Bango marar kauri yana yoyon haske ta kusurwa. Ba shi kauri irin na bangon gaske, ka sa rufi ya ɗan shige cikinsa. Girman abubuwa ma ka bi na zahiri: ƙofa kamar mita biyu, kofi ɗan santimita goma. Ƙarfin fitila da zurfin hayaƙi da kaifin kyamara duk da ma'aunin mita suke lissafi. Kada kuma ka gina fage nesa da tsakiyar duniyarsa. Lambobin da injin ke riƙe matsayi da su masu bit 32 ne, kuma a nisan kilomita 10 daga tsakiya ba sa iya bambance abin da ya gaza kusan milimita ɗaya. A nan ne inuwa ke fara kakkaryewa ba gaira ba dalili.

Akwai wani tabo da ke ruɗa mutane: inuwa mai matakala a daidai inda haske ke ƙarewa a jikin abu mai zagaye. Abin yana da fuskoki kaɗan, an shafe shi da Shade Smooth ya yi kama da mai santsi, amma inuwa tana bin ainihin kusurwoyinsa. Ƙara masa Subdivision Surface, ko ka ɗan ɗaga Geometry Offset da ke ƙarƙashin Shadow Terminator. In kuma taswirar nomal, wato hoton da ke sa fuska ta yi kamar mai tudu da rami, ce ke ba ka baƙaƙen layuka, duba abu biyu: an sa ta a Non-Color, sannan irin ta OpenGL ce, wadda Blender ke karantawa. Irin ta DirectX, da ake yi wa Unreal, koren launinta a juye yake, sai tudu ya koma rami.

Mataki na uku: haske, inda aka fi samun riba

A nan zan daɗe, domin a ganina rabin aikin yana nan.

Injin yana da hanya biyu ta samun haske. Ta farko, duk inda kibiya ta sauka sai ya aika wata kai tsaye zuwa ga fitila ya ga ko akwai abin da ya tare. Wannan hanya tana da tsabta ƙwarai. Ta biyu, kibiya ta yi ta tsalle har ta faɗa cikin fitila bisa katari. Eric Veach da Leonidas Guibas sun nuna a 1995 yadda ake auna hanyoyin biyu a haɗa su, kuma a kan wannan dabara injinan yau suke tafiya. Matsala tana tasowa ne idan ka toshe hanyar farko. Gilashi yana karkatar da haske, don haka kibiyar da aka aika kai tsaye tana ɗaukarsa a matsayin bango. Abin da ya rage shi ne katari. Kibiya dubu ta wuce ba ta samu komai ba, ɗaya ta faɗa tsakiyar fitila mai tsananin ƙarfi, fiksel ɗin ya yi fari fat alhali maƙwabtansa suna duhu. Haka ake haifar tartsatsi.

Na ga wannan da idona a wani ɗakin karatu da na gina. Fitilar tebur ce, ƙaramin ƙwai a cikin ƙoƙon gilashi. Na bar kwamfuta ta kwana tana aiki da samfur dubbai, da safe bangon da ke bayan teburin yana nan cike da farin ɗigo. Da na fara kashe fitilu ɗaya-ɗaya, ina kashe ta tebur ɗakin ya yi fes. Na shiga Ray Visibility na ƙoƙon na cire alamar Shadow, ma'ana kyamara na ganin gilashin amma ba ya tare haske. Hoton da dare guda bai ishe shi ba ya fito cikin mintuna. Tun ranar, gilashi ne farkon abin da nake tuhuma.

Ga tagogi, in ba kusa da kyamara suke ba, cire gilashin gaba ɗaya. In dole ne a ga sheƙinsa, haɗa Glass da Transparent ta Mix Shader, ka jona Is Shadow Ray daga Light Path a matsayin mai zaɓi. Kyamara za ta ga gilashi, hasken rana kuma ya wuce abinsa.

Ɗakin da hasken sama ke shigarsa ta ƙaramar taga shi ne fage mafi wuya. Sama ta kewaye gidan duka, amma ɗan abin da ke leƙowa ta taga ne kaɗai ke da amfani, sauran kibiyoyin bango suke bugu. Sa fitilar Area daidai girman tagar, ta fuskanci cikin ɗaki, ka kunna mata Portal. Ba ta ba da haske ko kaɗan, nuni kawai take yi wa kibiyoyi cewa ga ƙofa nan. Wata dabarar da nake yi ba tare da jin nauyi ba ita ce sa babbar fitila mai rauni a bayan kyamara, ko cire bangon da ba a gani. Masu ɗaukar fim na gaske ma haka suke yi, ba sa dogara da taga kaɗai.

Girman fitila yana da fuska biyu, kuma ana yawan faɗin rabi a bar rabi. Ƙaramar fitila tana ba da inuwa mai kaifi wadda ke tsabtacewa da wuri, amma in ta haɗu da ƙarfe ko madubi ita ce uwar tartsatsi. Babba tana ba da inuwa mai laushi wadda gefenta ke neman ƙarin samfur, sai dai ɗige-ɗigenta mai laushi ne, kuma dinoiza na jin daɗin irinsa. In an ba ni zaɓi, babba nake ɗauka. Haka kuma, abu mai fuskoki dubbai da aka sa masa Emission, wato fata mai fitar da haske, ya fi fitilar gaske wahalar da injin. Bar shi ya yi ƙyalli don ido da ɗan ƙarfi kaɗan, ka sa fitilar Point ko Area a gefensa ta yi ainihin haskawar.

Fage mai fitilu ɗaruruwa, kamar titi da dare, yana bukatar Light Tree, wanda ya shigo Blender 3.5 a 2023. Yana sa injin ya fi mai da hankali ga fitilun da ke kusa kuma masu ƙarfi. Inda haske ke bin lungu-lungu kafin ya iso, gwada Path Guiding da ya zo a 3.4, wanda ke koyon inda haske ke fitowa yayin da renda ke gudana. Da aka kawo shi, a kan furosesa kaɗai yake aiki, ban da katin girafik.

Fatun abubuwa ma suna da hannu. Kada ka ba bango fari cikakke. Babu fentin da ke mayar da duk hasken da ya same shi, kuma fari na 1.0 yana sa haske ya yi ta kai-komo. Tsaya wajen 0.8. Roughness na sifili kuma ka bar wa madubi. Ƙarfe ko daɓe mai sheƙi, ɗan kaushi kaɗan yana sa shi ya fi kama da na gaske, ya kuma rage tartsatsi.

Mataki na huɗu: tsalle da datsewa

A ƙarƙashin Light Paths za ka ga iyakar tsallen da kibiya ke yi. Cycles yana zuwa da jimillar 12, Diffuse 4, Glossy 4, Transmission 12, Transparent 8. A fili, Diffuse 2 ko 3 ya wadatar. A cikin ɗaki kada ka rage, domin ɗakin zai yi duhu, lunguna su mutu. Gilashin da ya koma baƙi alama ce ta Transmission ya gaza: kowane faranti na gilashi fuska biyu ne, shiga da fita, don haka jerin kwalabe yana cinye 12 nan da nan. Ganyen bishiya da aka yi da hotuna masu huda, in ya yi baƙin faci a tsakiya, Transparent za ka ɗaga.

Sai kostik, wato hasken nan da ke taruwa yana walƙiya a ƙarƙashin kofin gilashi ko a ƙasan tafkin wanka. Yana da kyau, amma bin sawu daga kyamara ba ya iya samunsa sai da katari. In hotonka ba a kansa ya dogara ba, cire alamar Reflective da Refractive. In kana son sa a abu ɗaya ko biyu, akwai Shadow Caustics tun daga Blender 3.2, wanda ake kunna wa fitila da abin da ke jefawa da abin da ke karɓa. Filter Glossy kuma, da ke zuwa a 1.0, yana ɗan dusashe sheƙin da aka gani bayan tsalle, wanda ido ba ya lura da shi.

Clamp shi ne almakashi: duk samfurin da ƙarfinsa ya wuce lambar da ka sa, a datse shi. Indirect yana zuwa a 10. In tartsatsi ya rage bayan duk gyaran da ya gabata, sauko a hankali, 8, 5, 3, kana kwatanta hasken hoton da na baya, domin abin da ka datse haske ne na gaske da ka zubar. Ka matsa da yawa, ɗaki zai yi dishi-dishi, sheƙi ya mutu. Direct kuwa bar shi a sifili, wato a kashe, sai in babu makawa.

Mataki na biyar: yanzu ne lokacin samfur

Ba kowane fiksel ke bukatar ƙoƙari ɗaya ba. Sararin sama yana tsabtacewa nan take, ƙarƙashin kujera kuwa sai an daɗe. Noise Threshold yana barin injin ya daina aiki a kan fiksel da ya riga ya nutsu. Yana zuwa a 0.01, tare da Max Samples 4096. Ka fahimci cewa 4096 rufi ne, ba wajibi ba. Ni nakan yi gwaji a 0.1, in fitar da hoto na ƙarshe tsakanin 0.03 da 0.01 in da dinoiza a gaba. In ka ga wasu lunguna masu duhu sun yi faci-faci, injin ya tsaya da wuri ne, sai ka ɗaga Min Samples zuwa 32 ko 64. Dusashewar abin da ke nesa da kyamara, da dusashewar motsi, da hayaƙi, da gashi, waɗannan da gaske samfur suke ci, ba su da wata gajeriyar hanya.

Mai Arnold ya lura: lambobinsa ninkin kansu ake yi. Camera AA na 3 kibiya 9 ce a fiksel, na 6 kuma 36 ce.

In ka gama renda mai tsawo ka ga da saura kaɗan, kada ka zubar. Sauya Seed, wato lambar da ke tsara ƙuri'ar kibiyoyi, ka sake yin wata irinta, ka haɗa biyun rabi da rabi a Compositor, sashen haɗa hotuna da gyara su bayan renda. Daidai yake da ninka samfur sau biyu, matuƙar a OpenEXR ka ajiye su, wato nau'in fayil da ke riƙe cikakken ƙarfin haske.

Mataki na shida: dinoiza

Biyu ne suka fi yaɗuwa: Open Image Denoise na kamfanin Intel, wanda ya fito a 2019, da na OptiX na NVIDIA mai bukatar katinsu. Dukansu an horar da su ne da hotuna masu datti da takwarorinsu masu tsabta, har suka koyi hasashen abin da ke ƙarƙashin ɗige-ɗige. Kalmar hasashe ita ce abin lura. Abin da samfur bai kawo ba, dinoiza ƙirƙirarsa zai yi. Ka ba shi hoton samfur 16, zai mayar maka da saƙar yadi kamar roba, zanen katako ya narke, tartsatsi guda kuma ya baje ya zama farin tabo mai faɗi. Shi ya sa na ajiye shi a nan, bayan an kashe tartsatsi.

Kada ka ba shi hoto shi kaɗai. A Passes zaɓi Albedo and Normal. Na farko launin fata ne tsantsa ba haske ba inuwa, na biyu alƙiblar kowace fuska. Da su yake gane cewa wannan layin zanen katako ne, a bar shi, wancan kuwa datti ne. Prefilter ka sa Accurate, musamman in akwai gashi ko dusashewar nesa, inda su kansu mataimakan biyu suke da ɗige-ɗige.

Shawarar da na fi ƙarfafawa ita ce kada ka bari a goge a lokacin renda a jefar da na asali. Kunna Denoising Data, ka ajiye komai a OpenEXR MultiLayer, ka yi gogewar a Compositor. Ta haka kana iya mayar da ɗan kaso na hoton asali a kan gogaggen, kamar kashi 10 zuwa 20, sai fata da yadi su dawo da rai. Kana kuma iya goge Diffuse Indirect da ƙarfi ka bar sauran, tunda ka riga ka san inda dattin yake tun matakin farko.

Hoto mai motsi yana da tasa fitinar. Dinoiza yana hasashe daban a kowane firem, sai bango ya riƙa motsi kamar ruwa na tafasa, alhali kowane firem shi kaɗai kyakkyawa ne. Maganin farko shi ne ba shi hoto mai tsabta sosai, ka rage Noise Threshold fiye da yadda za ka yi wa hoto tsayayye. Sai batun Seed. In ka bar shi tsaye kyamara na tafiya, ɗige-ɗigen zai manne a allo kamar dattin gilashin taga, fage yana wucewa ta bayansa. In ka danna ɗan agogon da ke gefensa, zai riƙa sauyawa kowane firem, ya yi kama da ƙwayar fim, kuma dinoiza mai duba firem na baya, irin wanda OptiX ke da shi, ya fi amfana da haka. In kuwa kyamara a tsaye take kuma firem-firem kake gogewa, Seed tsayayye yakan rage tafasar. Gwada duka biyun a kan firem 20 a jere, ka kalle su suna tafiya, domin wannan aibu ba a ganinsa a hoto tsayayye.

Haƙoran zarto da zobe-zobe

Fiksel murabba'i ne, layin da ya karkace dole ya hau matakala. Pixel Filter ke laushe shi, kuma Cycles yana amfani da Blackman-Harris mai faɗin 1.5. Ƙasa da haka hoto ya yi kaifi haƙora su fito, sama da haka ya yi laushi. Amma akwai inda wannan ba ya yi: gefen fitila mai tsananin haske. Fiksel da rabinsa ke kan haske mai ƙarfin 50, rabi a duhu, matsakaicinsa 25 ne, alhali allo daga 1 ya riga ya kai fari. Rage ƙarfin abin da kyamara ke gani, ko ka sa ɗan Glare ya rufe bakin. Zane mai ƙananan layuka, kamar ragar ƙarfe ko riga mai ratsi, yakan haifar da igiyoyin ƙarya. Yi renda a ninki biyu na faɗi da tsawo ka rage daga baya, ko ka sauƙaƙa zanen in abin yana nesa.

Zobe-zobe kuwa daga wajen ajiya yake zuwa. Hoto mai bit 8 matakai 256 gare shi a kowane launi. Sararin dare da ke tashi daga mataki 20 zuwa 40 a faɗin fiksel 1920 matakai 20 kaɗai ya samu, kowanne faɗin fiksel 96, kuma ido na ganin iyakarsu sarai. Ka ƙara masa haske wajen gyaran launi, abin ya ƙara muni. Saboda haka ka fitar da aikinka a OpenEXR, ko PNG mai bit 16 da ke da matakai 65,536, ka yi duk gyara a can, sai a ƙarshe ka sauko zuwa bit 8. Kada ka yi renda kai tsaye zuwa bidiyo. Fitar da jerin hotuna, in wani firem ya lalace shi kaɗai za ka maimaita. JPEG ma a bar shi sai wajen rabawa, domin yana yanka hoto gida-gida na fiksel 8 sau 8, kuma kowace sabuwar ajiya tana ƙara fito da su.

Ga masu aiki da injin nan-take na wasannin kwamfuta, inda ake lissafa inuwa da taswira, tabon ya ɗan bambanta. Ratsi-ratsi a fuskar da haske ke bugu yana nufin Bias, wato ɗan tazarar da ake ba inuwa daga fuskar abu, ya yi kaɗan, inuwar da ta rabu da ƙafar mai ita kuma yana nufin ya yi yawa. Fuskoki masu ƙifce-ƙifce daga nesa, ɗaga Clip Start na kyamara, wato nisan da take fara gani daga gare shi, domin shi ya fi Clip End tasiri nesa ba kusa ba. Fatalwar da ke bin abu mai gudu kuwa aikin TAA ne, mai haɗa firem na yanzu da na baya.

Abu na ƙarshe da nake yi wa kowane hoto zai iya ba ka mamaki: ina mayar masa da ɗige-ɗige. Dinoiza yana barin sarari sumul, kuma sumul ɗin nan shi ne abin da ya fi saurin yin zobe idan an matse bidiyo don intanet. Dither na Blender, da ke zuwa a 1.0, yana watsa ɗan ƙura a iyakar matakai wajen saukowa bit 8. In fagen dare ne ko hazo, nakan ɗaga shi zuwa 2, ko in ɗora ƙwayar fim mai laushi a kan hoton duka, iri ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa. Daga nan sai in matse gwajin daƙiƙa biyar da saitin da zan yi amfani da shi, in kalle shi a ɗaki mai duhu, in sake kallonsa a waya da hasken allo a ƙure, domin a nan ne zoben da ya ɓuya a babban allo yake fitowa.